Shekarar da Salaga Ta Jira Ƙwallon Sanda

Rukaya da Fuseini, na san abin da kuke ji a gidan kawunku Alhaji Issaka duk ranar da zancen gado ya taso: wai uwarku ta ba da ɗakin uwarta ta karɓi filin wasan yara. Ban ƙaryata ba, haka aka yi. Sai dai ku ba kwa nan a shekarar. Ke Rukaya kina makarantar aikin jinya a Tamale, kai Fuseini kana Kumasi wajen koyon gyaran mota. Kun dawo kun tarar da kayana a wani gida, kuka yi fushi, ni kuma a lokacin ɗoki ya hana ni zama in yi muku bayani. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ga bayanin.

Abin ya faro ne daga dawowar ƙanena, kawunku Awudu, Allah ya jiƙansa. Shekaru ya yi a Amurka yana tuƙin tasi, har ciwo ya taɓa masa hannun hagu, ya ce gida zai zo. Ranar da ya sauka gidanmu ya cika har bakin zaure, don kowa ya ga manyan jakunkuna biyu da aka sauke daga lori, kowa kuma ya riga ya raba su a zuciyarsa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka buɗe. Ba atamfa, ba agogo, ba turare. Safar hannu ce ta fata, kowacce kamar tafin raƙumi, da fararen ƙwallaye masu jan ɗinki, da sanduna masu kauri daga kai. Gwaggo Lariba, ƙanwar babanmu, wadda idonta ya fara rauni, ta laluba ta ɗauki sanda guda ta jinjina.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma wannan tabarya ba za ta iya da sakwara ba."

"Ba ta daka ba ce, Gwaggo. Besbol ake yi da ita. Ƙwallon sanda."

"Wato ka je har can ka dawo mana da langa."

Yaya Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa ya koma rumfar doya. Ni ma ban ji daɗi ba, kada ku ɗauka tun farko na gane. Tun rasuwar babanku na dawo gidanmu, ina zaune a ɗakin Inna, ina sayar da doya da safe, da yamma in soya ƙosai. Da Awudu ya fara tara samari a filin wata makaranta bayan 'yan ƙwallon ƙafa sun tashi, ciniki na bi, ba wasa ba. Na kafa kaskona a gindin mangwaro, ina kallon ƙartai suna tsaye a rana kamar masu jiran mota. Wata rana na ce masa ni ban ga kan wannan abu ba. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da yatsa.

"Yaya, aikin kakanninmu ne. Nan gida. Ka buga ƙwallo, ka fita fatauci. Zango na ɗaya, na biyu, na uku. In aka riga ka isa zango, an tare ka a hanya, ka yi asara. In ka dawo gida lafiya, riba ke nan."

Shi ke nan, tun daga ranar idona ya buɗe. Bayan 'yan kwanaki wani mahauci, Tanko, mai dantse kamar cinyar sa, ya narka wa ƙwallo sanda ta tashi ta tsallake mangwaron da nake gindinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai ganina aka yi ina bin gefen fili a guje, matsamin ƙosai a hannu, mayafi ya faɗi, ina ihu: "Wuce! Wuce! Kada ka yada zango!" Ƙosan ya ƙone ƙurmus. Washegari duk kasuwar doya ta ji, matan suka yi ta tsokanata, na ce su zo su gani da idonsu. Biyu suka zo, sai biyar, kafin damina ta tsaya sosai mun zama rundunar da ko 'yan ƙwallon ƙafa ba su da irinta.

A cikin daminar nan ne labari ya zo cewa ba mu kaɗai ba ne. A Yendi akwai wani malamin makaranta da ya koyo wasan a kudu, ya haɗa ƙungiya. A Bawku kuma akwai wani ɗan kasuwar albasa, Salifu, wanda ya gani a ƙetaren iyaka, wajen Mosawa, ya kawo gida. Suka yi ta waya da Awudu har suka tsayar da magana: in ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, sabuwar doya ta cika kasuwa, za a buɗe kakar wasa ta garuruwa uku, a yi ta zagaye. Kuma saboda girman Awudu, wasan farko a Salaga, mu da Bawku. Ranar da ya faɗa mana, matan kasuwa guɗa suka yi kamar an haifi ɗa namiji. Tun daga nan ba mu da wata hira. Mai awon gero tana awo tana gardamar wa ya kamata ya fara jifa. Mai wanzanci ya kusa yanke kunnen mutum garin nuna yadda Tanko ke juya sanda.

Sai kuma aka ce filin makarantar ba zai samu ba. Ba mugunta ba ce, 'yan ƙwallon ƙafa sun riga mu, su ma kakarsu a lokacin take. Aka duba ko'ina, ba fili mai faɗin da ake so. Mutanen Yendi suka ce to ai sauƙi, a kawo buɗewar wajensu. Shugabar magoya bayansu, Mma Sanatu, tsohuwar abokiyar cinikina ce, mun shekara muna musayar doya da masara. Ita ta bugo mini waya, ina jin dariya a muryarta.

"Memuna, kada ki damu. Ku zo Yendi, za mu ba ku tabarma a inuwa. Garin da ba shi da fili ai baƙo ne."

Na kashe wayar ina huci. A nan ne zangon Kaka ya faɗo mini a rai. Kun san shi yanzu da layuka da benci, amma a lokacin jeji ne a bayan gari, faffaɗan wuri inda kakanmu yake sauke ayarin goro da jakuna, da tsofaffin rijiyoyi biyu a gefe, ciyawa ta fi mutum tsawo. Gadonmu ne mu uku, ba a taɓa rabawa ba, kamar yadda ba a raba gidan ba. Yaya Alhaji ya daɗe yana magana da wani mai son kafa gidan mai a wurin. Na faɗa wa Awudu, ya girgiza kai ya ce kada in tayar da abin da ba zan iya kwantarwa ba. Na ce in ba a tayar ba, Yendi za mu je mu zauna a tabarmar Sanatu.

Bayan sallar Juma'a muka zauna a tsakar gida, Gwaggo tana kan kujerarta 'yar tsuguno. Yaya Alhaji ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Memuna, kin girma. Kina da 'ya'ya. Ƙasar da ubanmu ya bar mana za ki ba 'yan iska su yi ta guje-guje?"

"Ba 'yan iska ba ne, Yaya. Ɗan limaminmu yana ciki. Yaron rumfarka ma yana ciki."

"Gidan mai zai ciyar da jikokinmu. Sanda me za ta ciyar?"

Awudu ya ce a hankali, "Yaya, ni ban kawo maka komai ba, na sani. Wannan kaɗai na iya kawowa."

"Ai na gani."

Wannan kalma ta yi wa Awudu zafi. Amma kada ku ɗauka kawunku Alhaji mugu ne. Shi ya riƙe gidan nan tun mutuwar Baba, shi ya aurar da mu, kuma maganarsa ba wauta ba ce. Sai ya ce in dai mun nace, a raba gado kowa ya san nasa. Shi zai bar mana zangon gaba ɗaya, mu kuma mu bar masa gidan gaba ɗaya, har da ɗakin Inna. Na tabbata ya faɗa ne don in ja da baya, don ya san abin da ɗakin yake a wurina. A ciki aka haife ni, a ciki na haife ki Rukaya, a ciki Inna ta cika kanta a cinyata. Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

"Issaka, ka ji tsoron Allah. Memuna, ke kuma ki yi hankali. Irin wannan ɗaki ba a sake samunsa."

Na dubi ƙofar ɗakin, na dubi Awudu. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba. Abin da na gani shi ne mutumin da ya dawo gida da abu ɗaya tak a hannunsa, ana shirin ce masa ba shi da inda zai ajiye shi. Kuma, in faɗi gaskiya, ni kaina ina son wasan nan kamar raina.

"Na yarda, Yaya. A kira malam ya shaida."

Aka kira, aka shaida. Na kama ɗaki ciki da falo a bayan tasha, Awudu ya samu wuri wajen wani abokinsa. Ranar da aka ɗora gadon Inna a kan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na shiga ɗakin ni kaɗai na dafa bango na yi kukana, har direban ya gaji da jira ya danna ham. Gwaggo ta kama hannuna a zaure ta ce, "Ke jinin fatake ce, ba kya zama." Yaya Alhaji bai fito ba. Daga baya ya mayar da ɗakin wurin ajiye buhunan taki. Mun ci gaba da gaisawa a biki da makoki, amma hirar da muke yi da a kan tabarma ɗaya ba ta dawo ba, har yau, kuma bai taɓa taka filin ba.

Washegarin ƙaurata na share hawaye na ɗaura ɗamara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na zaga kasuwa rumfa-rumfa ina gayyar aikin sharar fili. Ranar Lahadi aka fito da adduna da fartanya, maza da mata, Hausawa da Gwanjawa da Dagwambawa da waɗanda su kansu ba su san me za su kira kansu ba sai 'yan zango. Aka sare ciyawa, aka tone kututture, aka kashe macizai har mun daina firgita. Magina suka zuba wa rijiyoyin murfin siminti. Wani mai tarakta da ya gama noman mutane ya zo ya baje mana ƙasa kyauta, da sharaɗin a ajiye masa wuri a bencin gaba. Aka yi ɗan tudu a tsakiya inda mai jifa zai tsaya, Awudu ya sa aka rushe aka sake yi har sai da maginin ya rantse zai tafi gida.

Garin gaba ɗaya ya kamu. Sandunan Amurka biyu sun riga sun karye, wani kafinta ya ce a ba shi guda ya gani, ya sassaƙa mana sababbi da icen maɗaci, nauyi kamar zunubi, Tanko kaɗai ke iya juya su. Dukawa suka ɗinke safar da ta yage da fatar akuya. Muka yi taron mata a kan launin riga, aka kusa dambe tsakanin masu kore da masu shuɗi, har na ce a yi jan goro, tunda goro ya kafa garin nan, aka sa wa ƙungiya suna Fatake. Teloli uku suka ajiye ɗinkin mutane suka hau namu, wata amarya ta zo har fili tana yi mini faɗa a kan kayanta. Muka raba girki: gidan wance shinkafa da wake, gidan wance tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, ni ƙosai da koko na safe. Muka ƙirƙiro waƙoƙi, muna gwadawa a kasuwa muna kiɗa da ƙwarya, har da wadda muka tanada musamman don mai jifan Bawku, ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba. Kuma tun ba a buga wasan farko ba mun riga mun fara rigimar tafiyar Yendi da ta Bawku: lorin wa za a hau, wa zai tsare wa wa rumfa, wace ce mijinta zai bari.

Salifu na Bawku yana bugo mini waya kusan kullum. Su can ba ruwansu da ki da ka, kowa ka ne a bakinsu.

"Mma, ka dafa abinci da yawa. Yaranmu in sun ci wasa suna jin yunwa."

"Ka kawo albasarka dai, Salifu. Za ku buƙaci abin da za ku ɗora wa laifin hawaye."

Ya yi ta dariya. Amma ana saura kwanaki kaɗan muryarsa ta sauya. A lokacin hanyar wajensu ba kullum take da daɗi ba, iyayen wasu 'yan wasan sun ce ba inda 'ya'yansu za su. Ya ce zai bi gida-gida ya roƙa, amma ba zai yi mini alkawari ba. Ban faɗa wa matan ba, Awudu kaɗai na gaya wa. Muna tsaye a filin da yamma, samari suna zuba farar ƙasa a kan layi, ya ce ko ba su zo ba, ya ga abin da bai zaci zai gani ba. Ya ce a can Amurka yakan sayi kujera mafi araha, can sama inda 'yan wasa suke zama kamar tururuwa, yana kallo shi kaɗai, ba wanda zai juya ya yi wa magana da Hausa. Na ce masa ya daina wannan zance, za su zo.

Ranar Asabar tun da hantsi fili ya cika. Jan goro ko'ina, yara a kan bishiya, tsofaffi da kujerunsu, har Gwaggo ta sa aka kawo ta a motokin, wai ta zo ta ji da kunnenta abin da ya fitar da ni daga gida. Alƙalin wasa ya iso daga Tamale da baƙar hularsa. Abinci ya nuna. Bawku shiru, wayar Salifu ba ta shiga. Rana ta take tsaka, aka yi azahar a gefen fili, mutane suka fara kallona a kaikaice. Wata daga cikin matanmu ta matso ta ce ko a fara rabon abincin kada ya lalace. Na ce ba wanda zai taɓa tukunya.

Ganga muka fara ji kafin mu ga motar. Wani yaro daga kan bishiya ya ƙwala ihu, "Ga su nan!" Sai ga lorin albasa ya karyo kwana yana rangaji, mutane maƙil har kan rufi. Ashe ta Yendi suka biyo, taya ta fashe musu, Sanatu ta tara mutanenta suka gyara, suka ɗare motar su ma da makaɗansu. Tana tsaye a gaba ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya tana kaɗa mayafi da ɗayan. Ban san yadda aka yi ba, filin gaba ɗaya ya kwasa a guje ya tare su, aka kewaye motar ana guɗa, makaɗan Yendi suna zuba kiɗa, namu suna amsawa da ƙwarya. Salifu ya diro, ɗan siriri ashe, duk ƙaton muryar nan. Sanatu ta sauko tana warin albasa, ta tsaya ta ƙare wa filin kallo, layukan fari tas a kan jar ƙasa.

"Memuna, ashe da gaske kike."

"Ga tabarmarki can a inuwa," na ce mata.

Aka ce Awudu ya yi jifan buɗewa. Ya hau tudun a hankali, ya ɗaga ƙwallon ya nuna wa kowane ɓangare, wurin ya yi tsit har ana jin kukan akuya daga cikin gari. Ya jefa. Ba ta yi ƙarfi ba, amma ta tafi sak ta faɗa cikin safar mai cafka, ta yi wannan ƙarar, tas. Ihun da aka yi, an ce har a kasuwa an ji. Gwaggo tana ta jan zanina tana tambaya, "An ci? An ci?" Na ce ba a ma fara ba. Ta ce to in haka ne farawar, ita a bar ta nan.

Bawku sun lallasa mu. Mai jifan da muka yi wa waƙa, wani dogo mai shiru-shiru, ya sa Tanko ya yi ta dukan iska har sandar ta kufce masa, mu kuma muka rera waƙar duk da haka, shi da kansa yana murmushi. Sau ɗaya tak ɗan liman ya kewayo gida, na yi ihu har muryata ta dushe. Suka cinye shinkafar tas kamar yadda Salifu ya faɗa, suka bar mana buhun albasa. La'asar sakaliya suka hau mota, muka raka su har bakin hanya.

Motar ba ta gama ɓacewa ba na ji hayaniya a bayana. Na juya, sai ga matanmu sun kewaye mai lorin da zai kai mu Yendi mako mai zuwa, kowacce tana rantsuwa ita ta fara kama kujerar gaba. Awudu yana zaune a kan benci, jar rigarsa ta jiƙe da gumi, yana dariya har da riƙe ciki. Na kutsa tsakiyarsu da 'yar muryar da ta rage mini.

"Ku dakata! Kujerar gaba tawa ce. Sauran ku yi ta faɗa."